Ba A Kan Garmar Manomi A Ke Koyon Walda Ba

Duk wanda ya bi ta Getso a ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya san abin da zai tarar a rumfunan masu walda. Ga garemanin shanu jingine da bango, ga amalanke a kife ƙafafu sama, ga injin sussukar masara an kwance masa ciki, kowane mai kaya kuwa yana tsaye a kan nasa yana cewa a yi masa sauri. Haka abin ya ke a Gwarzo, haka ya ke a Kabo. Maigidan rumfa hannunsa biyu ne kaɗai. In aiki ya yi masa yawa sai ya waiwaya ya kira yaronsa, wanda bai fi wata shida da zuwa ba, ya ce, "Kai, zo ka ɗan taɓa wa Baba garmarsa." Yaro ya ɗauki sandar walda, ya ɗiɗɗiga ƙarfe a kan tsatsa, ya watsa ruwa don ta yi saurin hucewa, a shafa baƙin fenti. Baba ya biya, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan kwana goma ruwa ya sauka sosai, ƙasa ta yi laushi. An ɗaura wa shanu karkiya tun da asuba, an yi kunya biyar, an yi goma, sai bakin garma ya ci karo da saiwar wani tsohon kututture. Ɓas! Ta ɓalle, daidai wurin da aka yi waldar. Manomi ya kwance shanu, ya ɗaure garma a bayan babur ya koma gari. Wuni ya tafi ke nan. In ya tarar da layi, ko ya tarar babu wuta, kwana biyu. Kafin ya komo rana ta shanye danshin, waɗanda su ka yi alkawari da shi zai yi musu huɗa sun nemi wani, shanun da ya sha wahalar ciyarwa duk rani suna kwance suna tuƙa. Wanda ya ce hasarar mutumin nan ita ce 'yan kuɗin da ya biya mai walda bai san noma ba. Damina a ƙasar Gwarzo daga Yuni zuwa Satumba ce, kuma kwanakin huɗa a cikinta ƙidayayyu ne.

To, laifin wa? Yaron bai yi da mugunta ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda a ke koyon sana'ar. A yawancin rumfuna ba a ware wa yaro lokacin gwaji, ba a ba shi guntun ƙarfe a ce ya ɓata. Ranar da ya fara riƙe sanda, a kan kayan mutane ya ke riƙe ta. Watau garmar manomi ita ce allonsa, kuma manomi ne ke biyan kuɗin makarantar ba da saninsa ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma gyaransa ba shi da tsada.

Da can ba haka nauyin ya ke a wuyan mai walda ba. Noma da shanu Ma'aikatar Gona ce ta shigo da shi Arewa wajen 1928, da 'yan manoma ƙalilan, En'e tana ba da rancen shanu da kayan aiki. Garmar da aka fi sani a lokacin ita ce Emcot, ta kamfanin Ransomes na Ingila. In wani sashe nata ya lalace, sabo a ke nema a ɗaura da noti, ko kuwa maƙeri ya ƙera madadinsa. Yanzu fa? Garma da amalanke da baro da injin sussuka da ƙofar rumbun zamani, mafi yawansu a nan gida a ke yinsu, da ƙarfen da a ke sarowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da wanda 'yan gwangwan ke tarawa. Wannan abin alfahari ne, ba shakka. Amma ma'anarsa ita ce ƙarfin kayan noman ƙasar nan duka ya koma kan wani ɗan siririn layi na narkakken ƙarfe, wanda faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba.

Layin nan da ya ke bin gaɓa ya haɗa ƙarfe biyu, a kira shi ɗinki, don aikinsa ɗaya da na zare a jikin riga. Mutane da yawa suna tsammani walda manni ce, kamar a liƙa takarda da ƙaro. Ba haka ba ne. Wutar lantarki ce ke narkar da bakin wannan ƙarfe da bakin wancan, su zama ruwa ɗaya tare da abin da sanda ta ƙara, in sun huce su daskare su zama jiki guda. In bakunan biyu ba su narke ba, sai dai sanda ta zuba nata a bisansu, to, ba a yi walda ba, an yi ado ne. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, irin na rodi da kwana da falle, wanda a ke kira ƙarfe mai taushi, gawayin da ke cikinsa bai wuce kashi 3 cikin 1,000 ba, yana kuwa narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. A cikin ƙarafa duka babu mai haƙuri da mai walda kamarsa. Saboda haka in aka ga ɗinki ya ɓalle a jikinsa, da wuya a ce laifin ƙarfen ne.

Manomi ba ya bukatar ya je makaranta kafin ya gane ɗinki na kirki. In an kankare kashin da sanda ke bari a bisa, zai ga faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, da 'yan layuka a jere kamar saƙar faifai, gefensa ya kwanta ya shige jikin ƙarfe ba tudu ba kwari. Wanda ya yi tozo ya zauna a bisa kamar tsutsa, wuta ce ta yi kaɗan, bai shiga ciki ba. Wanda ya bar ɗan kwari a gefensa, wuta ta yi yawa ko hannu ya yi gudu, an cinye ƙarfen an rage masa kauri, kuma daga kwarin nan tsagewa ke farawa. Wanda ke da 'yan ramuka kamar cin gara, datti ne ko danshi ko iska ta shiga. Wanda ya yi kama da kashin kaji a tsakar gida kuwa, wannan ba sai an yi bayani ba.

Kada a ce ƙaramin abu ne. Ran 27 ga Maris 1980, wani dandamalin ma'aikatan haƙar mai na ƙasar Norway, mai suna Alexander Kielland, ya kife a teku, mutum 123 su ka rasu. Da aka bincika sai aka tarar tsagewar ta faro ne daga wani ɗan ɗinki mai kaurin milimita 6 da ba a yi shi da kyau ba, ta yi ta ci a hankali har ƙafa guda ta dandamalin ta cire. Amalanken da ya ɗauko buhu goma na masara da yara biyu a bisa, yana gangara wani kwazazzabo, shi ma ga mai shi dandamali ne.

Kwanakin nan akwai maganar da ke yawo a bakin samarin da su ka je Kano ko Kaduna su ka ga aiki a masana'antu. Suna cewa duk wannan matsala ta waldar sanda ce, in da za a sami waldar argon da an huta. Ya kamata a tsaya a kan wannan magana, don akwai gaskiya a cikinta, amma ba inda su ke tsammani ba.

Waldar argon, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da TIG, a Amurka aka fito da ita cikin 1941, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, ta hannun wani ma'aikaci Russell Meredith. Lokacin yaƙi ne, ana neman hanyar haɗa ƙarafa marasa nauyi na jirage. Bambancinta da waldar sanda shi ne, a nan abin da ke ɗauke da wuta ba ya narkewa. Wani ɗan tsinke ne na ƙarfen tangstin, wanda sai zafi ya wuce digiri 3,400 ya ke narkewa, an soke shi a cikin abin riƙon da a ke kira toci. Iskar argon tana fitowa daga tukunya ta bi tiyo ta lulluɓe wurin, ta hana iskar duniya taɓa ruwan ƙarfen. Wayar ciko kuwa dabam ta ke, da ɗaya hannun a ke riƙe ta ana ɗiga ta kaɗan kaɗan. Babu hayaƙi mai yawa, babu tartsatsi, babu kashi a bisa.

To, a nan amfaninta ya ke ga mai koyo. A waldar sanda, hayaƙi da kashi suna rufe wa yaro ido, yana iya shekara yana aiki bai taɓa ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin wutar ba, haske kawai ya ke bi. A waldar argon kuwa komai a fili ya ke. Yana ganin ƙarfe ya yi ja, ya yi sheƙi, ya zama ɗan tafki kamar ƙwayar wake. Yana ganin ko tafkin ya ci bakin ƙarfen nan biyu ko ɗaya kaɗai ya ci. In ya ɗaga hannu ya ga tafkin ya baje, in ya yi gudu ya ga ya tsuke, in ya daɗe wuri ɗaya ya ga ya zurma ya huje. Ba ta kuma ɓoye laifi. In bai goge ƙarfe ba, nan take tafkin zai yi ta tofi yana ɓulɓula. In hannunsa ya yi rawa tsinken ya taɓa ruwan ƙarfe, wutar ta lalace, dole ya tsaya ya cire tsinke ya wasa shi ya sake. Malami ce mai tsanani, irin wadda ba ta barin almajiri ya wuce harafi sai ya iya shi.

Ga yadda masu koyar da ita su ke bi da yaro, kuma babu abin da ya fi ƙarfin rumfar ƙauye a ciki. A sami guntayen falle mai kaurin milimita 3, tsawon tafin hannu. A gurje su da injin gurza har sai farin ƙarfe ya fito, don baƙin ɓawon nan da sabon ƙarfe ke zuwa da shi daga masana'anta, shi da tsatsa da fenti da baƙin mai duk abokan gaba ne. A wasa tsinken ya yi tsini kamar fensir, a bi tsawonsa wajen wasawa, kada a gicciye. Ga baƙin ƙarfe, toci a kan jona shi a ɓangaren wuta mai alamar ragewa, wayar da a ke maƙala wa ƙarfe kuwa a mai alamar tarawa. Ƙarfin wuta wajen amfiya 30 zuwa 40 ga kowace milimita ta kauri, iska kuwa lita 6 zuwa 10 a minti ta isa. Wanda ya buɗe iska da yawa wai don ya ƙara kyau, ɓarna biyu ya yi: ya zubar da kuɗi, kuma iskar da ta fito da ƙarfi tana jawo ta waje ta cakuɗa.

Kwanakin farko ba a ba yaro wayar ciko ko kaɗan. A ja masa layi a kan falle, ya tada tafki ya tura shi a kan layin daga wannan baki zuwa wancan, tsinke yana nesa da ƙarfe kamar milimita 2 ko 3, toci ya ɗan kwanta baya kaɗan. Ya yi layi, ya yi wani a gefensa, har fallen ya cika. Abin da a ke nema shi ne faɗin layin ya zama ɗaya. Ya zauna sosai, ya dafa gefen hannunsa a kan tebur kamar mai rubutu, ya gwada tafiyar hannun sau ɗaya ba wuta kafin ya kunna. Sai wannan ya zauna sa'an nan a ba shi waya. Nan ne hannu biyu za su koyi aiki dabam dabam, kamar makaɗin kalangu, ɗaya na matsa tsarkiya ɗaya na bugu. Ya tsoma bakin waya a gaban tafki, ya ɗan janye, ya matsa gaba, ya sake tsomawa. A tafki a ke narkar da waya, ba a harshen wuta ba, kuma ba a janye ta har ta fita daga inuwar iskar. In ya kai ƙarshe kada ya fizge hannu. Ya ƙara ɗigo ɗaya ya cike ɗan ramin da ke saura, ya kashe wuta, ya bar tocin a wurin na 'yan daƙiƙu iska na zuba har ƙarfen ya daina ja. Ramin ƙarshen nan da a ke rainawa, sau da yawa daga nan ɗinki ke fara tsagewa.

Bayan wannan sai gaɓoɓi: baki da baki, sa'an nan ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan ɗaya tsaye a kan ɗaya kwance, wanda shi ne ya fi yawa a jikin garma da amalanke, shi ne kuma ya fi wuya, don wuta ta kan so ta ci gefe ɗaya ta bar lungun. Kowace gaɓa a fara ɗaure ta da ɗigo a kai da kai kafin a ja ɗinki, in ba haka ba zafi zai janye ƙarfen ya buɗe baki.

Amma duk wannan wasa ne in ba a yi abu na ƙarshe ba, watau karyawa. Kyaun ɗinki a ido ba shaida ba ne. Akwai ɗinkin da za a gani kamar a sa a gaban mota don kyau, ciki kuwa fanko. Duk guntun da yaro ya haɗa, a damƙe shi a bayis a sa masa guduma. Na baki da baki a lanƙwasa shi har ya yi kamar baka, ɗinkin yana waje. In ƙarfe ya lanƙwashe ɗinki bai buɗe ba, ya ci. Na tsaye bisa kwance, a ɗinke gefe ɗaya kaɗai, a buge shi ya kwanta ta kan ɗinkin har ya karye, a duba cikin karayar. In an ga bakin fallen yana nan da kaifinsa yadda aka yanke shi, wuta ba ta taɓa shi ba. Wani kuma a yanka shi a gicciye da zarto a ga zurfin da narkewar ta kai. Yaro ya rubuta ƙarfin wutar da ya sa a jikin kowane guntu da alli, ya ajiye na ranar Asabar ya gwada da na Asabar mai zuwa. Yaron da ya karya ɗinkinsa guda ɗari da hannunsa ya ga cikinsu, ba zai ƙara ɗiga ƙarfe a kan tsatsa ya ce ya gama ba, ko maigida na nan ko ba ya nan. Haka a ke yi wa manya ma. A manyan ayyuka irin na bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar cikin 2020, ba a ɗaukar mai walda don ya ce ya iya, sai ya haɗa guntu an gwada shi.

Inda samarin nan su ka yi kuskure shi ne zaton waldar argon za ta maye gurbin sanda a aikin gona. Ba za ta maye ba, kuma duk wanda ya sayar da akuyarsa ya sayi kayanta don gyaran garma zai yi da na sani. Tana da nawa ƙwarai, ɗinkin da sanda za ta gama kafin a sha ruwa ita sai ta ninka lokacin. Iskarta sai an kai tukunya Kano an cika. Ba ta son iska ko kaɗan, rumfar da ke buɗe ta ko'ina a lokacin hunturu ba wurinta ba ne sai an kare da buhu ko langalanga. Ba ta yarda da tsohon ƙarfe mai tsatsa, kayan gona kuwa rabinsu tsatsa ne. Wurinta shi ne siririn bututu, da farin ƙarfen nan mara tsatsa da a ke yin kayan sarrafa abinci da na madara da shi, da alminiyam in injin mai iya yinsa ne, don ƙananan injuna masu araha ba sa yi. Sandar da Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya fara lulluɓewa da magani tun 1907, har gobe ita ce ta ƙauye: tana aiki a fili, tana aiki a iska, ana ɗaukar injinta a babur.

Abin da a ke so shi ne idon da hannun da yaro ya samu wajen argon ya komo da su kan sanda. Wanda ya taɓa ganin tafki ya san abin da zai nema a bayan hayaƙi. Zai san sanda lamba 6013 da kowa ke saye, mai geji 12 tana son wajen amfiya 60 zuwa 90, mai geji 10 kuwa 90 zuwa 130, ba a sa wa duka wuta ɗaya. Zai san ƙarfen da ya wuce milimita 5 ko 6 sai an fafe bakinsa ya yi kwari kafin a cike, a yi ɗinki biyu ko uku, a kankare kashi tsakanin kowanne. Zai san tsagewa ba a rufe ta a bisa, sai a huda ɗan rami a ƙarshenta don ta tsaya, a gurje ta har ƙasa. Zai san sandar da ta sha danshin damina ramuka za ta yi. Kuma zai san bakin garma ba irin ƙarfen jikinta ba ne. Sau da yawa da sifirin mota a ke yinsa, mai gawayi da yawa, wanda in aka yi masa walda da sanyi, aka kuma watsa masa ruwa, ya kan yi tauri ya fashe kamar kwalba. Irin wannan sai an ɗumama shi tukuna, in an gama a binne shi a toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Maƙeran gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni, abin mamaki ne a ce jikokinsu masu injin lantarki sun manta. Gane ƙarfe kuwa ba wuya: a taɓa shi da injin gurza, mai taushi tartsatsinsa dogo ne ba rassa da yawa, mai gawayi nasa ya kan fashe ya yi rassa kamar tsintsiya.

Rumfar da ba ta da halin argon ba ta da uzuri duk da haka. Gogewa da gwaji da karyawa duk ana yinsu da sanda. Argon tana gaggauta ganewa ne kawai. Ba kuma lalle sai an sayi sabon inji ba, don da yawa cikin ƙananan injunan zamani da a ke ratayawa a kafaɗa suna karɓar toci, abin da ya rage tukunya ce da agogonta. Masu walda na gari ɗaya, in suna da ƙungiya, ba abin da zai hana su haɗa kuɗi su sayi toci ɗaya da tukunya ɗaya, a ajiye a rumfar wanda ya fi iyawa, yaran kowace rumfa su riƙa zuwa bi da bi daga Janairu zuwa Maris, lokacin da aiki ya yi sauƙi. Wanda ya ƙware ya je ya ɗauki jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya, ya sami takarda. Hukumar ITF, wadda aka kafa cikin 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu, da kwalejojin fasaha na Jihar Kano, da KNARDA mai malaman gona a ƙauyuka, duk wannan hurumi nasu ne, kuma ya kamata shugabannin Gwarzo da Kabo su ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ana koya wa manomi tazarar shuka da awon taki, amma ba a koya masa duba ɗinkin garmar da zai yi huɗar da ita.

Za a ce, wa zai biya man janareto da sandunan da yaro zai ƙone a kan guntaye? Tambaya ce mai kyau, musamman tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, wutar gari kuwa ba ta zama. Tsadar man nan ma tana cikin abin da ke sa a yi ɗinki da gudu, a kuma yi shi da ƙaramin janareton da ba ya iya ba da wutar da ƙarfe mai kauri ke so. Amma maigida ya yi lissafi. Garmar da ta komo sau biyu, ya gyara ta kyauta don kunya, ta ci masa mai da sanda fiye da na gwajin mako guda, ban da sunansa da a ke yi da shi a majalisa. Rabin sa'a a rana ya isa, da safe kafin mutane su taru.

Wajen ido kuwa ba a yin rowa. Yaran da a ke gani suna walda da baƙin tabarau na kasuwa, ko suna runtse ido suna kau da kai, su ne ke kwana suna kuka kamar an zuba musu yashi. Hasken argon ya ma fi ƙona fata, don babu hayaƙin da zai tare shi. A sami garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko sama, da riga mai dogon hannu. Wanda ke kau da kai ba ya ganin tafki, wanda ba ya ganin tafki kuwa sa'a ya ke bi.

Saura manomi, don shi ma yana da nasa kason. Garmar nan tun watan Satumba ya san ta tsage. Ya jingine ta a bayan rumbu, raɓa da rana su ka yi ta cinta wata bakwai, bai tuna da ita ba sai da ya ji tsawa. Ya zo rumfa ya tarar da mutum ashirin irinsa, kuma shi ne mai cewa, "Haba Malam, ɗan ɗigo ne fa kawai, nawa za ka ce?" In mai walda ya ce sai ya gurje ya fafe, kuɗin zai ƙaru, sai ya ɗauki kayansa ya kai rumfar gaba inda za a ɗiga masa da araha. Da haka mai aikin kirki ke rasa ciniki, mai aikin banza ya samu, har mai kirkin ma ya gaji ya bi sahu. Mai son ɗinki ya riƙe, ya kai kayansa da kaka, yana da kuɗin amfanin gona a hannu, mai walda kuma yana da sarari. Ya wanke ƙasa da baƙin mai kafin ya kai. Ya tsaya ya ga an gurje wurin har ya yi fari. Ya ce a kankare kashin ya gani da idonsa kafin a shafa fenti, kada kuma ya yarda a watsa ruwa. In yana da mataccen baro ko karyayyen gadon ƙarfe a gida, ya kai wa yaran rumfa su yi gwaji da shi, ya fi ya ba 'yan gwangwan a kan kuɗin goro.

In kuma baƙo ne a rumfar, bai san hannun mai ita ba, yana da hanya mai sauƙi. Ya ce a ɗauko guntaye biyu a haɗa a gabansa, ya biya kuɗin sanda ɗaya, a sa a bayis a ba shi guduma.